Tsirkiya Shida da Wutar Aro

Shekara goma sha ɗaya ina rungume da gitar katako,
mai ramin ciki kamar ƙwarya,
mai tsaga a ƙugu da na toshe da ƙaro.
Muryarta ba ta taɓa wuce zaurenmu na Bagalam ba.
A bikin ƙanwar Tsahiru na kaɗa har yatsa ya fashe,
janareto ya haɗiye ni ɗanye,
mata na cewa, "Mai rungumar iccen can, yaushe za shi fara?"

Abin da ya kai ni shagon Nomau ke nan, mai gyaran rediyo,
bayan tasha, inda warin dalma ke kokawa da ƙamshin tsire.
Jikka tamanin a aljihu, ladan ɗinkin sallah biyu,
tsohuwar kuma goye a bayana,
da niyyar in bar ta can ta cike giɓin ciniki.

Uku ne rataye a ƙusa.
Ja mai sheƙi, mai kiran ido tun daga nesa,
wuyanta ya karkace kamar na raƙumin da ya ƙi kaya.
Baƙa mai nauyin turmi.
Sai wata fara da ta koma ruwan ƙasa,
wani da ban sani ba ya cinye mata fenti da damtse,
ya bar ƙunar sigari kusa da kunnuwanta.
Wai daga Agadas ta biyo motar albasa.

Na taɓa ta haka nan, ba waya.
Sauro ya fi ta murya.
Nomau ya ce, "Wagga ɗan dako ce,
ba ta motsi sai ta ga dala."
Ya soka waya a amfuli, ya murɗa.
Akwatin ya soma gurnani,
can ƙarƙashi wani gidan rediyo na karanta farashin wake.
Sannan na sauke yatsa.

Ashe duk shekarun nan
katako ne ke rufa mini asiri.
Kowace zamiya, kowace tsirkiyar da na shafa bisa kuskure,
ta kwashe ta kai bakin titi
har mai kabu-kabu ya waiwayo.
Ba ta ƙara mini iyawa ba. Ni ɗin ta ƙara,
da gumina da ɗingishina.
Amma da na tura tsirkiya ta uku sama, na riƙe,
sautin ya ƙi mutuwa,
ya miƙe kamar gulbi a watan takwas,
ya shiga ta ƙirjina ya fita ta haƙora.

Saura akwati.
Akwai babba, tsayin yaro ɗan shekara biyar,
akwai ƙarami mai cin batir, kamar na mai wankin takalma.
"Aje tsohuwar, ƙara jikka biyar, ɗauki babban."
Har na kwance igiyar goyo

sai kuran ya tafi.

Fanka ta tsaya. Gurnani ya mutu.
Farar ta zama bebiya a cinyata.
Cikin zufar nan yaron shago ya shafi tsohuwar da bayan farce,
ta amsa,
ba ta nemi izinin kowa ba.

Na mayar da ita baya, na nuna ƙaramin.
Nomau ya ce, "Wanga ba shi kai ƙarshen layi."
Na ce, "Ya kai tabarmar mata, ya isa."

Da dare na sa shi a lamba ɗaya,
ina koyon abin da na ɗauka na iya.
Habsu ta lallaɓo, ɗiyata, ta murɗa shi zuwa bakwai ta ruga.
Kwanon rufi ya ɗauka, awakin maƙwabta suka tashi.
Da na ɗora tafi na kashe sautin,
sai na ji wani siriri bai mutu ba.
Tsohuwar ce, jingine da bango,
tsirkiyarta na rawa ba wanda ya taɓa.
Har yanzu ban sani ba
ko amshi take yi mini, ko gyara.